Daren AMVCA Da Ire-irensa: Yadda Masu Aikin Jinga Ta Waya Za Su Ƙara Samun Kuɗi

A 'yan shekarun nan, akwai wata Asabar cikin watan Mayu da otal ɗin Eko da ke Victoria Island a Legas yake cika ya batse. Ranar ce ake bikin AMVCA, wato kyaututtukan finafinai da kamfanin MultiChoice ya fara shiryawa a 2013, ake kuma nunawa kai tsaye a tashoshin Africa Magic na DStv da GOtv. Waɗanda suke hawa dandamali su karɓi kambu a daren 'yan ƙalilan ne. Waɗanda suke cin abinci ta dalilin bikin kuwa sun ninka su sau da yawa: direban da ya kai baƙo, telan da ya ɗinka kaya, mai kwalliya, mai kai abinci gida-gida, da matashin da ke zaune a Kano ko Zariya yana haɗa hoton taya murna a wayarsa.

Duk waɗannan aikin jinga suke yi. Bahaushe ya daɗe da sanin jinga: a yi ciniki kan aiki ɗaya, a gama, a biya, kowa ya kama gabansa. Abin da ya sauya a yau shi ne waya ce ke haɗa mai aiki da mai neman a yi masa, ta manhajoji irin su Bolt, Uber, inDrive, Chowdeck, Fiverr, ko ma WhatsApp kawai. Babu albashin wata, don haka ranar da kasuwa ta buɗe ita ce ke cike giɓin ranakun da aka wuni babu ciniki.

Daren bikin ba da kyaututtuka yana cikin irin waɗannan ranaku, sai dai kasuwarsa gajeriya ce. Awanni kaɗan take ci, kuma wanda ya shirya tun kafin ranar ne yake kwashe ribar. Wanda ya farga bayan an fara nunawa a talabijin, sau da yawa mai da data kawai yake ƙonawa.

Me ya sa daren ya bambanta?

Abu biyu ne suke haɗuwa. Na farko, jama'a da yawa suna buƙatar abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ɗaruruwan baƙi suna son isa wuri guda cikin awa biyu ko uku, sannan su fito kusan a tare. Na biyu, mai kallo a gida ba talabijin kaɗai yake kallo ba. Wayarsa tana hannunsa, yana leƙa X da Facebook da TikTok da Instagram don ganin wa ya ci, wa ya sa wace riga, me mutane ke cewa. Hankalin mutane masu ɗimbin yawa ya taru kan magana ɗaya, kuma duk inda hankali ya taru, 'yan kasuwa suna biyan kuɗi don a gan su a wurin.

Saboda haka aikin ya kasu gida biyu. Akwai na garin da ake bikin, wanda sai mutum yana wurin da mota ko babur ko jakar kwalliya. Akwai kuma na kan intanet, wanda ake yi daga ko'ina muddin akwai waya da caji da netwok.

Kalanda da agogo

Mataki na farko shi ne sanin ranaku. A al'ada ana bikin Grammy na mawaƙa a farkon Fabrairu, na Oscar na finafinai a Maris, dukansu a birnin Los Angeles na Amurka. AMVCA ya faɗo a watan Mayu daga 2022 zuwa 2025. Ballon d'Or na 'yan ƙwallo an saba yin sa a birnin Paris tsakanin Satumba da Oktoba, sai na hukumar CAF wajen ƙarshen shekara. Bikin Headies na mawaƙan Najeriya ba shi da tsayayyen wata ko gari, domin a 2022 da 2023 a Atlanta ta Amurka aka yi shi, kafin ya dawo Legas a 2025. Direban Legas da ya ɗauka kowace shekara a gida ake yi, zai sha jira a banza.

Agogo ma yana da muhimmanci. AMVCA yakan fara da taku a kan jan kafet da misalin ƙarfe 4 na yamma, babban bikin kuma ƙarfe 7. Ballon d'Or da na CAF sukan kai bayan isha'i agogon Najeriya da Nijar, lokacin da matasa ke kan waya. Na Amurka kuwa tsakar dare suke faɗowa: Grammy yana farawa wajen ƙarfe 2 na dare, Oscar tsakanin 12 da 1. Ma'ana, a irin waɗannan, kasuwar mai shafin Hausa ba cikin daren take ba. Da asuba take, lokacin da mutane suka farka suna neman wanda zai taƙaita masu abin da ya faru.

Direbobi: yadda tashin farashi yake aiki

Manhajojin Uber da Bolt suna raba gari zuwa ƙananan yankuna. A kowane yanki suna auna yawan masu neman mota da yawan motocin da ke kusa. Idan masu nema suka rinjayi motoci, farashi ya tashi, wurin kuma ya canza launi a taswirar direba. Direbobi suna kiran wannan soj. Abin da sabon direba bai cika lura da shi ba shi ne, da zarar motoci sun kwararo yankin, farashin sai ya sauka. Wanda ya ga taswira ta yi ja daga Ikeja ya tako gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, kafin ya isa an gama rabo. A inDrive kuwa fasinja ne yake faɗin abin da zai biya, direba ya amince ko ya yi nasa tayin, don haka a can iya ciniki ne yake aiki.

Ranar bikin tana da zango uku ga direba. Zangon farko daga azahar zuwa la'asar sakaliya, lokacin da baƙi ke fitowa daga otal-otal da gidajen kwalliya na Lekki da Ikoyi. Zango na biyu shi ne lokacin da ake cikin zaure, kasuwa ta kwanta a bakin otal. Wannan lokacin sallah ne da cin abinci da cajin waya, ko kuma a koma unguwannin da ake hidimar daren Asabar. Zango na uku shi ne tashi, da zirga-zirgar masu wucewa wuraren liyafar bayan biki, kuma nan ne farashi ya fi tashi. Kwana ɗaya kafin biki da washegarinsa ma akwai aiki a hanyar filin jirgin sama na Murtala Muhammed, saboda baƙin da ke zuwa daga Abuja, Kano, Accra, Nairobi da sauransu.

Direban da ya san gari ba ya cusa kansa bakin ƙofar otal a titin Adetokunbo Ademola, inda go-sulo zai iya cinye masa awa guda a kan fasinja ɗaya. Yakan tsaya nesa kaɗan a wurin da doka ta yarda, ya tura wa fasinja saƙo su daidaita inda za su haɗu. Tsayawa barkatai a wannan yanki gayyatar jami'an LASTMA ne, kuma tara ɗaya ta isa ta share ribar daren. Idan dare ya tsala, akwai wurin da direba zai saita inda ya nufa a manhajar, don ta haɗa shi da fasinjan da hanyarsu ta zo ɗaya, kada ya koma gida da mota wayam.

Ga 'yan acaɓa, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne a Legas, akwai gargaɗi. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta haramta ɗaukar fasinja a babur a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa, inda Victoria Island take. Kuɗin dare ɗaya bai kai a rasa babur ba.

Masu kai abinci da saƙo

Yawancin masu bin bikin a gida suke, kuma wanda ya zauna gaban talabijin ba ya son tashi. Daga magariba zuwa wajen ƙarfe 10 oda takan ƙaru a manhajoji irin su Chowdeck da Glovo a garuruwan da suke aiki. Mai kai saƙon da ya san gidajen abincin da ba sa ɓata lokaci, ya kuma tsaya kusa da su tun kafin oda ta fara shigowa, ya fi wanda ke yawo yana ƙona mai.

A garuruwan da waɗannan manhajoji ba su kai ba, WhatsApp ya wadatar. Matashi mai babur zai iya yin yarjejeniya da mai tsire ko mai gurasa ko mai shawarma na unguwa, ya sa jerin kaya da farashi a status tun da rana, ya ce a yi oda kafin ƙarfe 7. Tara oda da wuri yana ba shi damar haɗa gida huɗu ko biyar a fita ɗaya. A nan ribar take, domin kuɗin mai kusan ɗaya ne ko gida ɗaya aka je ko biyar na layi guda.

A Legas akwai kuma saƙon gaggawa na ranar biki: riga daga wurin tela, takalmi, sarƙa, katin gayyata da aka manta. Irin wannan aiki yana da tsoka saboda mai shi a matse yake, amma yana buƙatar amana. Ɗaukar hoton kayan lokacin karɓa da lokacin miƙawa yana kare mai kai saƙo daga zargi. Watan Mayu kuma damina ce a Legas, don haka rigar ruwa da ledar sa waya suna cikin kayan aiki.

Masu zane a waya

Ga masu amfani da Canva, PixelLab ko Photoshop, aiki yana farawa makonni kafin biki, ranar da aka fitar da sunayen 'yan takara. Wasu rukunonin AMVCA masu kallo ne suke zaɓa ta intanet, don haka 'yan takara da ƙungiyoyin masoyansu suna buƙatar hotunan neman ƙuri'a. Masana'antar Kannywood ma tana da ƙafa a ciki. A 2023 fim ɗin Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ne ya ci rukunin finafinan Hausa. Daga 2024 an haɗe rukunonin harsunan gida zuwa na shiyya-shiyya, wato fim ɗin Hausa yanzu yana gogayya ne da sauran na Afirka ta Yamma.

Sirrin daren shi ne a haɗa hoton taya murna ga kowane ɗan takara tun kafin a fara, a ajiye su cikin jaka ɗaya da sunaye a jere. Da an kira suna, sai a tura wanda ya dace cikin minti ɗaya. Dalilin haɗa wa kowa ya fito fili a Ballon d'Or na 28 ga Oktoba 2024. Mutane da yawa sun sakankance Vinícius Júnior ne zai ci, sai ga shi an bai wa Rodri na Manchester City, Real Madrid ma ta ƙaurace wa bikin. Mai zanen da ya haɗa hoto ɗaya tak ya tashi a tutar babu. Haka kuma gaggawa tana da iyaka. A bikin Oscar na 2017 an sanar da La La Land a matsayin gwarzon fim bisa kuskure, bayan 'yan mintuna aka gyara aka ce Moonlight ne. Jiran shafin masu bikin ya tabbatar bai fi minti biyu ba, kuma ya fi a goge hoto ana ba da haƙuri.

Girman hoto ma a kula da shi: 1080 sau 1350 ya dace da Instagram da Facebook, 1080 sau 1920 kuma na status ne da Reels da TikTok. Wani abu da ke tona asirin sabon shiga shi ne haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito kamar ɗan akwati ko su canza fasali a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su, allon rubutu na Gboard kuma yana da Hausa. A gwada kalma irin “ƙwaƙƙwara” a kan salon kafin a gina zane a kansa.

Su wa za su biya? Shafukan labarai, ƙungiyoyin masoya, da ƙananan 'yan kasuwa masu son shiga cikin zancen: mai shagon atamfa, mai turare, mai gidan abinci, mai sayar da data. Ya fi kyau a yi masu farashin dunƙule, misali hoto biyar da gajeren bidiyo ɗaya a kan kuɗi kaza, a karɓi rabi kafin a fara. Masu asusu a Fiverr za su iya samun aikin gaggawa daga ƙasashen waje a daren Grammy ko Oscar, amma su sani kamfanin yana cire kashi 20 cikin 100, kuɗin kuma yakan ɗauki kwana 14 kafin a iya cirewa. Asusun da aka buɗe ana gobe biki, babu shaidar aikin baya, da wuya ya samu kwastoma.

Masu shafuka da bidiyo: Hausa ita ce jarin

Waɗannan bukukuwa da Turanci ko Faransanci ake gabatar da su. Akwai ɗimbin masu sha'awa da suke son a yi masu bayani da harshensu: wane ne ya ci, me ya sa, me ya faɗa, ina 'yan Najeriya suka tsaya. An ga haka lokacin da Victor Osimhen ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a Disamba 2023, da lokacin da Ademola Lookman ya gaje shi a Disamba 2024, dukansu a birnin Marrakech. Bidiyon minti ɗaya ko biyu da ya taƙaita irin wannan dare da Hausa mai daɗi, aka sake shi da wuri, yana da masu jiransa. Rubutun ƙasan bidiyo kuwa gara a buga shi da hannu a CapCut ko InShot, domin na atomatik bai ƙware da Hausa ba.

Babban ramin da ke nan shi ne haƙƙin mallaka. Hoton bikin da ake watsawa dukiyar masu shi ce. YouTube yana da tsarin Content ID, wanda ke kwatanta duk bidiyon da aka ɗora da na masu haƙƙi, Facebook da Instagram kuma suna da Rights Manager. Idan aka kama, ko a toshe bidiyon, ko kuɗin tallarsa ya koma aljihun mai haƙƙi. Idan mai haƙƙi ya kai ƙarar a sauke, tashar ta samu gargaɗi, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 yana iya sa YouTube ya rufe ta gaba ɗaya. Ɗora waya a gaban talabijin ana watsawa kai tsaye a TikTok ko Facebook shi ne hanya mafi sauri ta rasa shafin da aka yi shekaru ana ginawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Hotunan jan kafet su ma suna da masu su, wato waɗanda suka ɗauka. Abin da babu mai ƙwacewa shi ne fuskar mutum, muryarsa, sharhinsa da zanen da ya haɗa da kansa.

Batun kuɗin talla kuma, a faɗi gaskiya. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da tasha, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Meta ta buɗe wa masu shafukan Facebook na Najeriya ƙofar samun kuɗin talla a 2024, ita ma da nata sharuɗɗan. Dare ɗaya ba zai kai ƙaramin shafi can ba. Kuɗin da ya fi kusa da mai ƙaramin shafi yana cikin unguwarsu: ɗan kasuwar da zai biya a ambaci shagonsa a farkon bidiyo, ko a sa lambarsa a ƙasan hoto. Shafi mai mabiya dubu biyar 'yan gari ɗaya ya fi amfani ga mai shago a Sabon Gari fiye da shafi mai dubu ɗari da suka warwatsu a duniya. Irin wannan ciniki ana ƙulla shi ne mako guda kafin biki, ana nuna wa ɗan kasuwa alƙaluman shafin daga Meta Business Suite.

Teloli, masu kwalliya da masu hoto

Rabin zancen AMVCA a kan sutura ake yin sa. Washegari hotuna sun cika waya, kwastomomi kuma sun fara zuwa wurin tela da hoton da suka ɗauko suna cewa irin wannan suke so. Telan da ya zauna a daren ya ware ɗinkuna biyar ko shida, ya duba yadda za a mayar da su su dace da suturar Arewa, a ƙara tsawon hannu, a rufe wuya, a fitar da su a leshi ko atamfa ko shadda, ya riga sauran. A 2024 da 2025 bikin ya zo ne makonni kaɗan kafin Babbar Sallah, daidai lokacin da ake kai ɗinki. Sa samfuri a katalog ɗin WhatsApp Business da farashi da ranar karɓa yana rage yawan tambaya.

Masu kwalliya, masu ɗaurin kallabi, masu lalle da masu ɗaukar hoto da ke Legas suna samun aiki kai tsaye daga baƙi, har da taron ranar al'adu da ake yi kafin babban daren. Ƙa'idar wannan aiki ɗaya ce: kada a saki hoton kwastoma kafin ita ta fito da shi, kuma kada a saki sai da izininta. Wanda ya yi riga-malam-masallaci don neman mabiya ya rasa kwastomar, ya rasa waɗanda za ta turo masa.

Gidan kallo, data da POS

A garuruwan Arewa bukukuwan 'yan ƙwallo sun fi jan jama'a zuwa gidan kallo. Mai gidan ya tuna cewa nuna DStv ga jama'a don kuɗi yana buƙatar rajistar kasuwanci, ba irin ta gida ba. Kusa da shi akwai kasuwar mai shayi, mai cajin waya da mai POS. Tunda ana nuna Ballon d'Or da bikin CAF a YouTube, masu sayar da data su ma suna da rabo, musamman bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairu 2025, wanda ya sa mutane neman inda ya fi rahusa. Mai sayar da data ya cika asusunsa tun da rana, domin da dare netwok ɗin banki yana iya yin gardama.

Lissafi kafin fita

Abin da ya shigo daban, riba daban. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, mai ne yake cin kaso mafi girma na kuɗin direba. A ɗauki misali kawai: direba ya tara ₦60,000 a daren. A ɗauka kamfani ya cire kashi 20, wato ₦12,000. Mai ya ci ₦20,000, abinci da data da kuɗin ajiye mota ₦5,000. Saura ₦23,000, kuma idan motar ta haya ce, akwai balas ɗin mai mota a ciki. Sai a kwatanta da abin da yake samu a Asabar ɗin da babu biki. Bambancin shi ne ainihin abin da bikin ya ƙara masa. Idan ɗan kaɗan ne, ga gajiyar da za ta hana shi fita washegari, to zama a unguwar da ya saba ya fi.

Mai zane ma haka. Ya ƙirga data, man janareta ko kuɗin caji, da awannin da ya kashe kan hotunan 'yan takarar da ba su ci ba. Farashinsa ya kamata ya ɗauke duk wannan.

Tarkunan da ke cikin daren

Inda kuɗi ke yawo da sauri, 'yan damfara ma suna nan. Alat na bogi ya fi tasiri a lokacin gaggawa, don haka a buɗe manhajar banki, ko OPay ne ko Moniepoint ko PalmPay, a ga kuɗin sun zauna kafin a miƙa kaya ko a tura zane marar tambari. Saƙon tes ko hoton rasit ba shaida ba ne. Akwai kuma tallan aikin bogi, a ce ana neman masu tarbar baƙi ko masu hoto, a biya kuɗin fom. Aikin gaskiya ba ya farawa da karɓar kuɗi daga hannun mai nema. Haka linkin da ke yawo a WhatsApp da sunan zaɓe ko kyautar data, wanda ke neman BVN ko lambar sirri ta OTP: babu bikin da ke buƙatar waɗannan. Yin caca kan wanda zai ci kuwa ba sana'a ba ce, kwaɗayi ne, shi kuma mabuɗin wahala ne.

Masu sharhi su kiyaye harshe. Faɗin ra'ayi kan fim ko ɗinki daban, cin mutunci da ƙage daban. Kotuna a Kano sun sha hukunta masu TikTok kan abin da suka wallafa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Direbobi da masu babur su kunna tsarin raba tafiya da wani ɗan uwa, su duba suna da lambar fasinja kafin ya shiga, kuma idan barci ya fara fizga, a tsaya.

Tsarin mako biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako biyu, a tabbatar da rana da lokaci daga shafin masu bikin, a sauke jerin 'yan takara, a fara tuntuɓar kwastomomi. Saura mako ɗaya, a gama zane-zane, a karɓi kafin alƙalami, a duba mota ko babur da takardunsu. Ana gobe, a sayi mai da data, a cika fawa bank, a tanadi layi na biyu na wani kamfani ko da netwok zai yanke, a share tarkacen waya don samun wuri, a sabunta manhajoji tun a ranar, kada sabuntawa ta tsayar da aiki a tsakiyar dare. Ranar biki a yi barcin rana.

Washegari kuma aiki bai ƙare ba. A tura wa kowane kwastoma saƙon godiya, a adana lambarsa da alama a WhatsApp Business, a roƙi wanda ya ji daɗin aiki ya ba da taurari ko ya rubuta shaida. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafi ko a waya, don bikin gaba ya zo da lissafi a hannu. Mai shagon da aka yi wa hoto mai kyau a daren AMVCA zai sake nema lokacin tallan Sallah, matar da aka kai wa riga a kan lokaci kuma tana da bikin ƙanwa a gaba.